Abin da Teku ke Bari in ya Janye: Wuri da Maƙwabtansa a Lungun Chwaka



Bahaushe mutumin tudu ne. Ruwan da ya sani shi ne na kogi da tafki da rijiya, cikar da ya sani kuwa ita ce ta damina, wadda ke zuwa sau ɗaya a shekara ta wuce. Saboda haka in aka ce masa akwai wani ruwa da ke cika sau biyu ya janye sau biyu tsakanin wayewar gari da wata wayewar, ba tare da an yi ko yayyafi ba, ba laifi in ya ɗauka tatsuniya ake yi masa. Amma kuwa wannan ruwa ya daɗe da shiga aljihunsa. Kalmar nan kuɗi da muke faɗa dare da rana jam'in wuri ce, wuri kuma kwanson wata 'yar dabba ne wadda ake tsinta a bakin teku in ruwa ya ja da baya.

Abin da nake so mu duba a wannan lacca shi ne filin nan da ke tsakanin iyakar cikar teku da iyakar janyewarsa, da halittun da ke zaune cikinsa, da dabarar da kowace take yi don ta kai ga dawowar ruwa da ranta. Don kada maganar ta tashi a iska, na zaɓi waje guda sananne ga masu bincike, watau lungun Chwaka na Zanzibar. Sai ku yi mini afuwa tun yanzu: duk inda na ce wuri a laccar nan, na kuɗi nake nufi, in mazauni nake nufi, zan ce waje.

Lungun da agogonsa

Unguja shi ne babban tsibiri cikin tsibiran Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, a Tekun Indiya. A gabashinsa, kimanin kilomita 30 daga birnin Zanzibar, teku ya kutsa cikin tudu ya yi wani lungu mai faɗin kusan murabba'in kilomita 50, bakinsa yana duban arewa. Daga kudu kurmin itatuwan ruwan gishiri ya kewaye shi, irin waɗanda Sawahilawa ke kira mikoko, masu saiwoyi a sarari kamar an ɗora su bisa ƙafafu. Wannan kurmi shi ne mafi girma a tsibirin, kuma yana haɗe da gandun dajin Jozani wanda aka mai da gandun ƙasa a 2004. Daga waje kuwa duwatsun murjani ne suka tare ƙarfin igiyar ruwa, don haka cikin lungun a kwance yake, ba zurfi. Ƙauyukan masunta irin su Chwaka da Marumbi da Michamvi suna zaune a gefensa.

To, me ke sa ruwan ya tafi ya dawo? Larabawa sun daɗe da sanin abin, suna kiransa maddu da jazru, sun kuma lura yana tafiya da wata. Amma bayanin dalilinsa sai a 1687 Isaac Newton ya kawo shi. Wata yana jan duniya, sai dai jan nasa ya fi ƙarfi a gefen da ke fuskantarsa, ya fi rauni a gefen da ya ba shi baya. Ruwan da ke kusa da shi sai ya tattaru ya yi tozo; ruwan da ke can bayan duniya kuma, da yake an fi jan ƙasar da ke ƙarƙashinsa fiye da shi kansa, sai a bar shi a baya, shi ma ya yi tozo. Duniya tana juyawa, kowace gaɓa tana ratsa tozayen nan biyu a kwana guda. Da yake wata shi ma tafiya yake yi, zagayen ba ya cika sai bayan awa 24 da minti 50. Ke nan tsakanin cika da janyewa akwai awa 6 da 'yan mintoci, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 a kan na jiya.

Rana ma tana da nata jan, amma tasirinsa wajen ɗaga ruwan teku bai kai rabin na wata ba, saboda nisanta. Idan wata ya tsaya, da kuma idan ya cika a daren sha huɗu, rana da wata da duniya suna kan layi ɗaya, jansu ya haɗu, sai ruwa ya hau fiye da kullum, ya kuma janye fiye da kullum. Wannan Sawahilawa ke kira bamvua. A kwana bakwai na wata da kwana ashirin da ɗaya kuwa jan biyu suna saɓawa, ruwa ba ya hawa sosai, ba ya sauka sosai. Sunansa a wajensu maji mafu, watau mataccen ruwa. Saboda haka masuncin Chwaka da lissafin watan sama yake aiki, kamar yadda manominmu ke aiki da taurarin damina.

Girman wannan hawa da sauka ya danganta da siffar gaɓa. Alhazan da suka tsaya bakin Bahar Maliya a Jidda ba su ga komai daga ciki ba, gama a can bambancin bai taka kara ya karya ba. A Ikko kusan mita 1 ne. A lungun Fandi na Kanada yakan kai mita 16. A Chwaka, lokacin bamvua, ya ɗara mita 3, watau sama da ƙafa 10, kuma da yake ƙasan lungun a shimfiɗe yake, wannan ya isa ya sa ruwa ya ja da baya tafiyar kilomitoci, ya bar fili fetal na yashi da taɓo da ciyawa.

Akwai wani abu guda da ya kamata mu riƙe, domin shi ne ya sa zaman filin ya zama jarrabawa. A wannan gaɓa ta gabashin Afirka, babbar janyewar bamvua tana faɗowa ne da hantsi zuwa tsakar rana, sa'an nan ta sake faɗowa wajen tsakar dare. Watau a daidai lokacin da rana ta fi zafi ne ake kware wa halittun nan rufinsu. 'Yan kududdufan da suka rage zafinsu yakan kai digiri 40, gishirinsu ya ƙaru saboda ruwan yana tashi. In kuwa aka yi sa'a hadari ya sauko a wannan lokaci, sai ruwan daɗi ya malale filin, ga dabbar teku kuwa ruwan daɗi guba ne. Ga tsuntsaye sun sauko kiwo. In ruwa ya dawo, ya dawo da kifaye masu yunwa.

Daga tudu zuwa ruwa

Bari mu bi sawun ruwan daga sama. A gindin duwatsun gaɓa, inda feshin ruwa kawai ke kaiwa, za mu tarad da wasu ƙananan dodannin koɗi masu kwanso mai kauri, zagayayye, a manne cikin tsaguwar dutse. Masana suna kiran jinsinsu Nerita. In ka ɓamɓaro ɗaya ka juya shi, za ka ga ya shige ciki ya ja wani ɗan marfi ya toshe ƙofar, ya kulle ɗan ruwan da zai ishe shi numfashi har teku ya komo. Wannan marfi yana manne ne a bayan ƙafar dabbar, shi ne kuma na ƙarshen shiga, kamar mai gida da ya shiga ɗaki ya jawo ƙyaure.

Marfin nan ba baƙo ba ne a ɗakunan matanmu, ko da yake da wuya mai saye ta san daga inda ya fito. Masu haɗa humra da turaren wuta a Barno da Kano da Cadi da Sudan sun san abin da ake kira farce, wanda ake wankewa sarai, a soya, a daka, a zuba cikin haɗi don ya kama ƙamshi ya sa shi daɗewa. Larabawa suna ce masa azfaruɗ ɗibi, watau farcen ƙamshi. To, ba farcen kowa ba ne. Ƙyauren manyan dodannin koɗin teku ne na Bahar Maliya da Tekun Indiya. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda mutanen Zanzibar ke kira kome, mai kwanso fari da ƙahoni kamar rassan itace. Suna cin namansa, su tara marafan su sayar wa masu kai su ƙasashen Larabawa.

In muka karkata wajen taɓon mikoko, sai mu tarad da waɗanda janyewar ruwa ce safiyarsu. Akwai wasu 'yan ƙaguwoyi da ke fitowa daga ramuka dubbai da zarar taɓo ya bayyana. Namijinsu hannunsa ɗaya ƙato ne, har yakan kusa rabin nauyin jikinsa, yana ɗaga shi yana saukewa don kiran mace da gargaɗin kishiyoyinsa maza. Da wannan hannu ba ya iya cin abinci, sai da ƙaramin. Mace kuwa da hannu biyu take ɗibar taɓo tana tace abin ci, saboda haka ta fi shi saurin ƙoshi. Kafin ruwa ya iso, kowa ya koma raminsa ya toshe bakin da curin laka, ya zauna cikin 'yar iskar da ya kulle. Abin mamaki, an ɗauki irin waɗannan ƙaguwoyi an ajiye su a ɗakin gwaji inda babu teku, babu hasken rana, amma suka yi kwanaki suna tashi suna kwanciya daidai da lokacin gaɓar da aka ɗebo su. Agogon yana cikin jikinsu. A nan kuma akwai wani dogon dodon koɗi mai tsini, wanda yakan kai tsawon tafin hannu, aikinsa cin ganyen mikoko da ya faɗo. Da wani ɗan kifi mai idanu a bisa ka, wanda ke tsalle kan taɓo yana numfashi ta fatarsa muddin tana da laima.

Filin yashi kuwa, in ka dube shi, sai ka ce ba kowa. Mazaunansa suna ƙasa. Galibinsu dangin ƙumba ne, masu kwanso biyu da ke buɗewa da rufewa kamar littafi, irin waɗanda yaranmu ke tsinta a bakin gulbi. Sukan nutse cikin yashi su miƙo 'yan bututu biyu sama, ɗaya na shigar ruwa, ɗaya na fitarsa, suna tace ƙananan halittun da ido ba ya gani. In ruwa ya tafi, su janye bututun su datse. Ɗaya daga cikinsu, Anadara, mai kwanso mai gurza-gurza wadda mata ke yawan tonowa, jininta ja ne kamar namu, abin da ba a cika samu ba a danginta. Wannan jini ne ke ba ta damar zama cikin taɓon da iska ta yi wa ƙaranci.

Kwanson da aka tsinta fanko yakan ba da labarin ajalin mai shi, in mutum ya iya karatunsa. Ku duba ƙumba ku ga ko akwai wata 'yar huda zagayayya, mai faɗi daga waje, tsukakkiya daga ciki, sumul kamar aikin maƙeri. Wannan aikin wani dodon koɗi ne mai santsin kwanso da ke yawo ƙarƙashin yashi. In ya sami ƙumba sai ya lulluɓe ta da ƙafarsa, ya ɗiga wani ruwa mai narkar da kwanso, ya goga da harshensa mai kaushin magagari, ya sake ɗigawa, ya sake gogawa, awa bayan awa, har ya huda ya zuƙe naman. In kuwa kuka ga katantanwa an ɓantare bakinta an bi da ɓarin a zagaye kamar mai feren rogo, to ƙaguwa ce ta yi. Layukan da ke kwance a bayan kwanso kuma shaidar girma ce, domin dabbar daga baki take ƙara gininta, kaɗan-kaɗan, da sinadarin farar ƙasa da take tsamowa daga ruwa.

Kwanso ba ya zama kango don mai shi ya mutu. Akwai ƙaguwa mai aron gida, wadda bayanta laushi gare shi, a murɗe, ba sulke. Dole ta nemi katantanwar wani ta cusa jikinta ciki, in ta yi girma ta nemi wadda ta fi. Sau da yawa ƙarancin gida ne ke iyakance yawansu, har an ga sun yi layi daga babba zuwa ƙarami a gefen sabon kwanso, babba ya shiga sabon, na biye ya gaji nasa, haka har zuwa kan auta. Wanda ya cika buhu da kwansuna don ado ya san cewa gidajen wasu ya kwashe.

Can ƙasa, inda ruwa ba ya ƙarewa ƙaf, makiyayar lungun take. Ciyawar teku ciyawa ce ta gaske, mai saiwa da fure da iri, dabam take da gansakuka, kuma a Chwaka akwai irinta wajen goma. Tsakaninta akwai wata gansakuka kore mai suna Halimeda, mai ganye kamar an jera ƙananan tsabobi, wadda ke tara farar ƙasa a jikinta. In ta mutu ta farfashe, sai ta zama yashi. Kaso mai yawa na farin yashin da ake takawa a lungun gawarta ce. Ƙarƙashin saiwoyin ciyawar kuma akwai wasu fararen ƙumbobi na dangin Lucinidae, waɗanda ke kiwon ƙwayoyin halitta a jikinsu. Ruɓaɓɓen ganye yana haifar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke kashe saiwa. Ƙwayoyin suna cinye ta su ciyar da ƙumbar, ciyawa kuma tana tura iskar numfashi ta saiwarta zuwa gare su. Wani bincike da aka buga a 2012 ya nuna cewa ciyawar ta fi yabanya inda ƙumbobin suke. Za mu sake komowa kansu.

Sauran mazauna makiyayar sai dai mu gaisa da su mu wuce: tauraron teku mai jajayen ƙusoshi, bushiyar teku, wata mai dogayen ƙayoyi baƙaƙe masu karyewa cikin ƙafa, wata kuma mai gajeru wadda ke yafa ɓaraguzan kwanso da ganye a ka don tare rana, da wata doguwar halitta mai laushi da Sawahilawa ke kira jongoo bahari, ƙadandoniyar teku, wadda in an matsa mata takan amayar da hanjinta ta bar wa maƙiyi, daga baya ta tsiro da wani. Ita wannan busar da ita ake yi a kai kasuwannin Sin, kuma tsadarta ta sa an kusa share ta daga ruwan da ba zurfi.

Guda ɗaya ne ba zan wuce shi da gaisuwa kawai ba. Akwai wani kwanso mai siffar mazurari, mai zane kamar an yi masa rini, wanda duk mai tsinta zai so ya jefa aljihu. Mai shi, Conus, maharbi ne. Haƙorinsa ɗaya-ɗaya ne, kowane kamar kibiya mai rami cike da dafi, yana harba shi ta wani dogon baki da ke iya lanƙwasowa ya kai kusan ko'ina a jikin kwanson. Mafi haɗarinsu, Conus geographus, kifi yake farauta, kuma mutanen da aka rubuta cewa harbin wannan dangi ya kashe sun haura 30. Har yanzu ba shi da makari. Abin da ake yi shi ne a taimaki numfashin wanda aka harba har dafin ya sake shi. A 2015 aka gano cewa yana watsa wani nau'in insulin cikin ruwa, sukarin jinin kifi ya faɗi, jikinsa ya mutu, sa'an nan ya haɗiye shi. Daga dafin wani ɗan'uwansa kuma aka fitar da maganin matsanancin ciwo wanda Amurka ta amince da shi a 2004.

Wuri

Yanzu mun iso bakin duwatsun murjani, inda sai da bamvua ƙafa ke kaiwa. In aka ɗaga wani falalen dutse a nan, ana iya ganin wani ɗan curi mai gashi-gashi, launin toka, manne a ƙarƙashi. Taɓa shi, sai rigar ta tsage daga tsakiya ta zame ta shige ciki, wuri ya bayyana yana ƙyalli. Wannan riga naman dabbar ce, ita ce kuma sirrin santsin wuri. Sauran dodannin koɗi daga ciki da baki kawai suke gina kwansonsu, bayansa kuwa yana nan a waje, yashi na gurzarsa, gansakuka na hawa. Shi wuri rigarsa tana fitowa ta dama da hagu ta rufe bayan gaba ɗaya, tana shafa masa sabon ruɓi a kan tsoho. Ba wanda ya goge shi. Haka aka ɗauko shi daga ruwa.

Ɗan wuri bai yi kama da wuri ba. Yana farawa da kwanso siriri, murɗaɗɗe, mai faɗin baki kamar na kowace katantanwa. Sai ya kai girmansa, leɓen ya naɗe ciki, ƙofar ta tsuke ta zama tsaga, haƙoran nan da muka sani su fito a gefe biyu. Daga ranar ba ya ƙara tsawo, sai kauri. Ke nan duk wurin da kuka taɓa riƙewa baligi ne. Da dare yake fita kiwon gansakuka, da rana ya ɓuya, macen kuma kwanci take yi a kan ƙwanta har su ƙyanƙyashe. Tsukakkiyar ƙofa da kauri da santsi duk don ƙaguwa ta rasa inda za ta kama ne. Waɗannan sifofi kuwa su ne suka sa ya dace da ciniki: ba ya ruɓewa, ba ya fashewa da sauƙi, girmansa kusan ɗaya, kuma ba maƙerin da zai iya yin na jabu.

Iri biyu ne suka yi aikin kuɗi. Na farko, Monetaria moneta, ƙarami mai ɗan rawaya, tushen cinikinsa tsibiran Maldib ne, kudu maso yamma da Indiya. Ibn Batuta, wanda ya zauna can wajen 1343 zuwa 1344, ya ce ana tara su a rami har naman ya ruɓe, ana kuma sayar da 400,000 a dinari ɗaya na zinariya. Da ya zo Mali da Gao bayan kusan shekara goma, ya tarar 1,150 ne ke sayen dinari. Wani Bafaranshe, François Pyrard, wanda jirginsa ya fashe a tsibiran a 1602 ya zauna shekara biyar, ya lura cewa sau biyu a wata ake tsintarsu, 'yan kwanaki kafin tsayuwar wata da cikarsa da 'yan kwanaki bayansu, mata suna shiga ruwa har ƙugu. Watau bamvua ke nan. Ma'aikatar buga kuɗin kakanninmu da wata take buɗewa, da wata take rufewa.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Da shi aka yi lissafin zambar da keso, keso ɗaya wuri 20,000. Lokacin da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne canjin riyal ɗaya na azurfa. Amma a daidai wannan lokaci abin da zai karya darajarsa ya riga ya taso, daga gaɓar da muke magana a kanta. Iri na biyu, Monetaria annulus, mai zoben ruwan zinariya a gadon baya, yana nan birjik a bakin ruwan Zanzibar da tsibiran da ke kusa, kuma ya fi na Maldib araha nesa ba kusa ba. A shekarun 1840 'yan kasuwar Hambug ta Jamus suka fara loda shi a jirage zuwa Wida da Ikko, Faransawa suka bi sahu. Cikin shekaru kaɗan aka yi ambaliyarsa. Farashi ya yi ta hawa, har ta kai ga ladan ɗan dako a doguwar tafiya yana neman cinye kuɗin da ya ɗauko. Da Turawan mulki suka hana shigo da shi a farkon ƙarni na 20, suka ce haraji sai da tsabarsu, gawa suka tarar suka binne. Ya bar mana sunansa, da adon ƙwarya da na maharba, da maganar nan ta wuri na gugar wuri, wadda ake faɗa yau a kan takardun da ba sa ƙara.

Masu tsinta

Har gobe in bamvua ta zo, mata da yara na ƙauyukan Chwaka suna bin ruwa da bokiti da ɗan ƙarfen tono, su yi awa uku ko huɗu a sunkuye, su juyo kafin ruwa ya tare musu hanya. Abin da suka samo shi ne naman miyan gidan da ba shi da jirgi, rarar kuma a sayar. Da yake ba jirgi, ba koma, ba kasuwar gwanjo, an daɗe ba a lissafa wannan aiki cikin su, ba a kuma san yawan abin da ake ɗiba ba. A ganina wannan rashin lissafi ya fi kowace cuta yi wa filin lahani, gama abin da ba a ƙidaya ba, ba a sanin ranar da ya fara ƙarewa. Masu bincike da suka kwatanta abin da ke filin a 2005 da na 2010 sun sami raguwa a fili, musamman cikin ƙumbobi da dodannin koɗin da ake ci ko ake sayarwa, matan da kansu kuma sun faɗi haka. Jama'a ta ƙaru, otal-otal na baƙi sun buɗe kasuwar manyan kwansuna irin su wuri mai zanen damisa, maza ma sun shigo sana'ar suna nutso inda mata ba sa kaiwa, inda a da manyan ke samun mafaka su hayayyafa.

Noman gansakuka, wanda aka fara a Zanzibar a 1989 da irin da aka kawo daga Filifin, ya ba dubban mata kuɗin hannunsu, abin da ba ƙarami ba ne. Sai dai ana kafa turakunsa da igiyoyinsa ne a kan makiyayar nan, kuma a Chwaka an auna an ga cewa ƙarƙashin gonakin ciyawa ta yi ƙaranci, fararen ƙumbobin nan masu tsabtace mata ƙasa su ma sun ragu ƙwarai.

Akwai dabarar da aka gwada ta yi amfani ga halitta ɗaya. Pweza, dabbar nan mai hannu takwas da ke ɓuya cikin kogunan murjani, wadda ake zaƙulowa da tsinke lokacin bamvua, saurin girma gare ta, rayuwarta duka ba ta cika wuce shekara ɗaya zuwa biyu ba. A 2015 mutanen Kisiwa Panza a tsibirin Pemba suka rufe wani yanki na gaɓarsu wata uku, ba mai shiga. Ranar buɗewa aka fito da pweza manya-manya, wasu ƙauyuka kuma suka kwaikwaya. Kome da wuri mai zanen damisa ba sa girma da wannan sauri, hutun wata uku ba zai ishe su ba. Abin da ke taimakonsu shi ne a bar wani yanki na dindindin, a bar ƙanana waɗanda leɓensu bai yi kauri ba, a kuma mayar da kowane dutse yadda aka same shi bayan an leƙa ƙarƙashinsa, domin ƙwan da ke manne a gindinsa, in aka bar shi yana kallon ranar hantsi, ba ya kai dawowar ruwa.